Gefen Hagu na Kan Auta

Daga goshi take farawa. Takan lakato mai a kan yatsa, ta ɗiga shi a bakin tsaga, ta bi layin a hankali har inda matashi ya tare ta. Daga nan sai ta zura tafin hannu ƙarƙashin ƙeyar Auta, ta ɗaga kan kaɗan kamar mai ɗaukar ƙwai, ta ƙarasa. Haka Gwaggo Mai Kitso take yi wa 'yarta kowace safiya, bayan masu goge ƙasa sun wuce da bokitinsu, kafin likitoci su shigo zagaye.

"Yau ma ba ki ce da zafi ba," in ji ta. "Lallai kin girma."

Auta ba ta tanka ba. Idonta a buɗe yake, yana kallon wani wuri tsakanin silin da ƙarfen labule, wurin da babu komai. Wata siririyar roba ta shiga hancinta, ta nan abinci yake bi. Kanta kuwa, duk yadda aka daidaita shi a kan matashi, sai ya sulale ya koma dama, kamar akwai mai yi mata raɗa ta wannan kunnen.

A gado na gaba akwai wata dattijuwa mai jinyar yayarta. Duk ɗakin Rediyo ake ce mata, don ba a taɓa gano inda ake kashe ta ba. Ta leƙo ta gefen labule, da buroshi a baki.

"Mai Kitso, wannan kai haka? Ɗakin na'ura za a kai ta ko gasar kyau?"

"Ke dai ki ji da bakinki."

"Ina ji da shi. Amma in kin gama ga nawa kan, ya koma sheƙar tsuntsu."

"Naki sai dai a nemo fartanya."

Rediyo ta yi dariya har kumfa ya zubo mata a haɓa, ta koma bayan labule tana ba yayarta labari, ita ma yayar ba amsawa take yi ba.

Gwaggo ba ta tuna ranar da ta koyi kitso ba, kamar yadda mutum ba ya tuna ranar da ya koyi tafiya. Ta dai san tana ƙarama takan durƙusa bayan gida ta kama ciyawa tana kitsawa, ciyawar tana tsaye a ƙasa. Daga ciyawa ta koma kan ƙannenta, daga su ta koma kan 'yan unguwa. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu Auta tana rarrafe, ya bar ta da maza uku da wannan mace ɗaya. Bayan ta gama kukanta sai ta ɗauki kujera 'yar tsugune da tabarma, ta kafa su a wata baranda tsakanin shagon tela da mai cajin waya. Madubi ɗaya ne da ita, mai tsagewa a kusurwa, sai gwangwanin da take zuba mataji da kibiyar tsaga. A wannan barandar ta tsufa.

Mata kan zo su zauna tsakanin gwiwoyinta, su ba ta baya, su faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa mazansu ba. Ita kuwa ta san unguwar ta fatar kai, ba ta fuska ba. Ta san mai tabon faɗuwa a ƙeya, ta san wadda gashin gabanta ya zube bayan haihuwa, ta san wadda damuwa ta fara ci tun kafin ta buɗe baki. Sau da yawa mace kan gaishe ta a kasuwa ta amsa sama-sama, sai matar ta juya za ta tafi sannan Gwaggo ta ce, "Af, ashe ke ce."

Hannunta da zafi, kowa ya shaida. Ana tashi daga gabanta da ido a ɗage, ana rantsuwar ba za a sake dawowa ba, kuma a dawo, domin kitsonta ba ya tsufa da wuri. Ruwa ya dake shi, matashi ya murje shi, yana nan kamar jiya aka yi.

Kan Auta shi ne allon tallarta. Duk ƙarshen mako sabon kitso, ran Litinin yarinya ta shiga makaranta da shi, ran Talata iyayen ƙawayenta su fara sallama a baranda. Auta ta tsani wannan zama. Tana kuka ana kitsawa, tana barci ana kitsawa. Da ta girma ta zama malamar ƙananan yara, ta auri wani mai gyaran firji, sai ta ɗauke kanta ta kai shagon zamani mai na'urar busar da gashi. Gwaggo ta nuna ko a jikinta. Amma duk ranar da Auta ta zo gida, kafin ta zauna uwar ta zame mata ɗankwali.

"Wa ya yi miki wannan ɓarnar?"

"Gwaggo, aƙalla na kwana ban sha maganin ciwon kai ba."

"Shi ya sa kafin jibi zai kwance."

"Ya kwance ɗin. Kaina ne."

Wata safiya da aka kwana ana ruwa, babur ɗin da ya ɗauko Auta zuwa makaranta ya zame a kan kwalta. Mai babur ya tashi yana karkaɗe wando. Ita ko jini bai fita a kanta ba, amma ba ta tashi ba. Likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, suka kira abin doguwar suma. Makonni ta yi ido a rufe. Ranar da ta buɗe shi yayyenta suka dinga buga wa dangi waya, sai da likita ya zaunar da su ya ce buɗe ido daban, farkawa daban. Damina ta wuce. Yayyen suka koma garuruwan da suke aiki, suna zuwa suna komawa. Gwaggo ta jingine kujerarta a shagon tela, ta tare a kan kujerar roba a gefen gadon. Mijin Auta kuwa kullum yana nan da safe kafin ya buɗe shago, da yamma kuma bayan ya rufe, hannunsa na warin man inji.

Ana nan sai wani baƙon likita ya zo daga babban asibiti, irin waɗanda sai an daɗe ake ganinsu. Ya duba Auta, ya duba hotunan kanta, sannan ya tsayar da Gwaggo da surukinta a baranda ya yi musu bayani ba tare da kwana-kwana ba.

"Ba tiyata ba ce, ba allura ba ce. Maganaɗisu ne ake ɗorawa a kai. Yana bugawa, bugun ya ratsa ƙashi ya taɓa ƙwaƙwalwa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya yi nisa a barci. Wasu sukan fara bin mutum da ido, wasu har su riƙe hannu in an ce su riƙe. Wasu kuma ba abin da ke canzawa. Har yanzu gwaji ne, Mama. Ban yi muku alkawarin komai ba."

"Mun ji, likita."

"Amma kafin a fara sai na auna ta. Zan buga a gefen hagu na kanta, in ga ko babban yatsanta na dama zai amsa. Da shi muke gane ƙarfin da za mu sa mata. In bai amsa ba, ba zan yi kintace da kan mutum ba, don in ƙarfin ya yi yawa yana iya jawo jijjiga. Gurbi ɗaya ya rage, kuma akwai masu jira. Ranar awon, da na gama zan kama hanya."

Sauran bayanin, na takarda da sa hannu, da mijin aka yi a ofis. Abin da Gwaggo ta riƙe shi ne za a fitar da 'yarta gaban baƙi, a auna ta, a ce ta ci ko ba ta ci ba. Ta dubi kan. Tun da aka kwantar da Auta, manyan kitso biyu kawai take mata, sako-sako, don kada ta wahalar da ita. Gashin ƙeya ya murje ya dunƙule, na gefe ya yi cirko-cirko. Ta ce a ranta, ba da wannan kan 'yar mai kitso za ta shiga gaban mutane ba.

Jiya kenan, ana gobe ranar awon. Tun bayan azahar ta zauna a bakin gadon, ta ɗora kan a cinyarta, ta yi aikin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Kitson mai jinya yana da tasa ƙa'ida, kuma ba wanda ya koya mata, hannu ne ya sani. Ba a barin ƙulli a inda kai yake kwanciya, don yana cin fata ya zama gyambo. To Auta a ƙeya take kwanciya, kanta kuma dama yake faɗawa. Saboda haka Gwaggo ta kwaso gashin duka, daga ƙeya da gefen dama, ta hau da shi sama da ƙanana-ƙananan kitso, kowane yana shiga cikin na gaba da shi kamar ƙoramu suna neman kogi, har suka haɗu suka zama manyan igiyoyi a gefen hagu, daga tsakar ka zuwa goshi. Inda gashin ya yi ƙaranci ta ƙara da baƙin zare, ta ja, ta ɗaure tamau, don ya daɗe kada a yi ta tayar da mara lafiya. Rana na faɗuwa ta gama. Yatsunta suka ƙage, amma ta yi barcin da ta manta irinsa.

Yanzu ta rufe kwalbar man, ta ɗaura wa Auta sabon ɗankwali. Masu tura gado suka zo. Mijin ya iso a daidai lokacin, ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa na kan ɗankwalin.

"Ɗana, lafiya? Fuskarka kamar ba ka karya ba."

"Lafiya lau, Gwaggo."

"Allah ya ba da sa'a, Mai Kitso," in ji Rediyo daga bayan labule. "In maganaɗisun ya rage, ku ce su ɗan ɗora wa tawa ita ma."

Ɗakin na'urar yana can ƙarshen wata doguwar baranda, bayan ɗakin hoto. Ƙarami ne, da sanyi, ba taga. A bakin ƙofa akwai faranti, nan Gwaggo ta zuba 'yan kunnenta da wayarta da kibiyar da ba ta rabuwa da ita, don an ce ƙarfe ba ya matsawa kusa. Na'urar kanta akwati ce fara a kan taya, da kauraren bututu mai ƙarewa da wani abu kamar zobba biyu a manne, faɗinsa ya kai tafin hannu. Mai kula da ita wata gajeriyar budurwa ce mai tabarau da saurin hannu, ma'aikata na kiranta Mai Na'ura. Ta toshe wa Auta kunnuwa, ta ɗora hannunta na dama a kan ƙaramin matashi, tafin yana kallon sama. Sannan ta kwance ɗankwalin.

Ta zuba wa kitson ido.

"Mama, wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Gwaggo, tana gyara tsayuwa.

"Ya yi kyau ƙwarai." Ta juya wajen mijin. "Malam, ba mun ce maka a bar kan a sake ba? Ba kitso, ba mai?"

Ya sunkuyar da kai. "Kun ce."

"To?"

"Jiya na zo zan faɗa, na tarar ta kai rabi." Ya shafa ƙeya. "Tana waƙa ma. Tun da abin nan ya faru ban ji ta tana waƙa ba. Sai na ce ko ba zai hana ba."

Gwaggo ta dube shi. Bai ɗago ba.

Baƙon likitan ya shigo yana goge hannu. Ya kalli kan, ya danna igiyoyin kitson da yatsa, ya ce a gwada tukuna a gani. Ya ɗora zobban a gefen hagu. Suka ƙi zama, suna rangaji a kan kitson kamar faranti a kan duwatsu. Ya danne, ya taka wani abu da ƙafa. Ƙas. Mai Na'ura ta zuba wa yatsan ido. Ya matsa kaɗan, ƙas. Ya ce a ƙara ƙarfi, aka ƙara, aka sake ƙarawa. Yatsan yana kwance kamar na mai barci. Likita ya ɗage zobban.

"Nan zan tsaya. Mama, ƙarfin abin nan ba ya nisa. Kaurin yatsa guda tsakaninsa da fata ya isa ya cinye shi, kitson nan kuwa ya fi yatsa. Yanzu ban sani ba, ita ce ba ta amsa ba, ko bugun ne bai kai gare ta ba."

"In tsefe," in ji Gwaggo.

"Akwai wani mutum da ke biye, zan auna shi. In na gama kan nan yana shirye, mu sake gwadawa. In ba haka ba, sai dai ku yi haƙuri."

Aka turo gadon zuwa wani lungu a gefen ƙofa, inda ake jingine kujerun guragu. Gwaggo ta ɗauko kibiyarta daga faranti, ta kama bakin igiya ta farko. Hannunta bai manta sauri ba. Amma aikinta ne, kuma ta yi shi don kada ya kwance. Zaren ya shige cikin gashi ya zama ɗaya da shi. Kowane ƙaramin kitso sai an warware wanda ya haɗiye shi kafin a kai gare shi. Ta ja, ta soka, ta ciji zare da haƙori. Daga cikin ɗaki ƙarar na'urar tana fitowa, ƙas, ƙas, a kan wani ɗan mutane. Lokacin da ta gama da igiya ɗaya, gashin da ya kwance ya taso ya yi tsiri, ya cika hannu, kaurinsa ya fi na kitson da ta warware. Saura kuwa suna nan jere, suna sheƙi da man safe.

"Gwaggo, in kama miki?" in ji mijin.

"Da wane hannun? Wannan ba firji ba ne."

Ya ja baya. Can ya sake cewa, "Laifina ne."

"Kai ka kitsa?"

Ya kawar da kai, ita kuma ta kama igiya ta biyu.

Ƙofa ta buɗe, Mai Na'ura ta fito riƙe da almakashi da injin aski a cikin ƙaramin kwano. Ba ta miƙa wa kowa ba, ta dai tsaya da su.

"Mama, ya kusa gamawa da wancan. Ko kin tsefe duka, gashin nan mai cika ne, ba zai kwanta ba. Ba duka kan ba, gefe ɗaya ne. In kin ga ba za ki iya kallo ba, ki ɗan zaga, in kira nas ta yi."

Gwaggo ta kalli almakashin. Tsawon zamanta a baranda ba ta taɓa sa ƙarfe mai kaifi a gashin mace ba. Masu ƙwarƙwata sun zo, masu gashin da ya dunƙule kamar igiyar rijiya sun zo suna roƙon a yanke a huta, takan ce a kawo ruwan ɗumi da mai, ta wuni tana warwara. Gashin Auta kuwa ita ta raine shi kamar yadda ta raini mai shi. Tun da aka kwanta, likitoci sun karɓi numfashi, nas-nas sun karɓi ci da wanka, roba ta karɓi sauran. Wannan kaɗai aka bar mata.

Ta juya wajen surukinta.

"Kai ne mijinta. Ka yarda?"

"Gwaggo, ni dai ta tashi, ko da kanta zai zama kamar ƙwarya."

"Za ta tashi ta ci mutuncina."

"In ta tashi, ki ce ni na sa."

"Ba za ta yarda ba. Ta san aikina." Ta miƙa hannu. "Kawo, 'yar nan. Ba nas ɗin da za ta taɓa min kai. Nuna min daga ina zuwa ina."

Mai Na'ura ta zana da yatsa, daga saman kunnen hagu zuwa tsakar ka, ta gangaro gaba har bakin goshi. Daidai inda ƙoramun suka haɗu.

Gwaggo ta yi bisimilla, ta zura bakin almakashi ƙarƙashin igiya ta farko, ta matse. Bai yanku nan take ba, sai da ta ƙara ƙarfi, zare da gashi suka yi wata 'yar ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Igiyar ta faɗo a cinyarta, da nauyinta, da ɗuminta. Ta biyu ta fi sauƙi. Ba ta yi kuka ba, aiki ne a gabanta kuma ana jira. Da ta gama da almakashi sai budurwar ta kunna mata injin. Ya kama rawa a hannunta kamar tsuntsun da aka kama, ta kusa sakinsa.

"Kwantar da bakinsa, Mama. Ki tura gaba, kada ki danna."

"Yau ni ake koya wa riƙe kai."

"Ba kai nake koya miki ba, inji ne."

Ta tura. Fata ta bayyana, fara-fara, mai laushi, wadda ba ta ga rana ba tun Auta na jaririya. Ga ɗan tabon da ta samu ranar da ta faɗo daga kan tagar makaranta. Shekara da shekaru yatsun Gwaggo sun san shi, suna kauce masa in suna tsaga, amma yau ta fara ganinsa da ido. Ashe ƙarami ne haka. Ta hure guntayen gashin daga goshin 'yarta da fatar idonta. Mai Na'ura ta jiƙa auduga da sifirit ta miƙo, Gwaggo ta goge man da ta shafa da hannunta ɗazu, har fatar ta bushe ƙayau. Igiyoyin da ta yanke ta tattara ta ƙulle a bakin mayafi.

Aka fito da mutumin da aka auna, matarsa na bin gadon a baya. Likita ya leƙo, ya ga kan, ya gyaɗa nasa.

"Ku shigo da ita. Mutum ɗaya zai tsaya a ciki."

Mijin ya ja da baya tun kafin a tambaye shi. Gwaggo ta mayar da kibiya faranti, ta shiga, aka nuna mata jikin bango ta tsaya.

Wannan karon zobban suka zauna daram. Likita ya ce a koma ƙasa a faro. Ƙas. Ba komai. Ya gusa kaɗan, kamar mai neman bakin zare a duhu. Ƙas. Aka ƙara ƙarfi. Gwaggo ba ta kallon likita, ba ta kallon akwatin, hannun kawai take kallo, da farcen da ta yanke masa shekaranjiya, da ɗan tabon da alli da biro suka bari a gefen yatsa wanda har yanzu bai gama gogewa ba. Ƙas. Ƙas. Sanyin ɗakin ya shiga ƙafafunta.

Sai babban yatsan ya zabura, ya lanƙwaso ciki, ya koma.

"Ga shi," in ji Mai Na'ura a hankali. "Sake, likita."

Ƙas. Ya sake zabura.

Gwaggo ta bar jikin bango. Ba ta san ta matso ba sai da budurwar ta ɗaga mata hannu.

"Mama, tsaya nan. Kuma bari in gaya miki gaskiya tun yanzu, don kada ki fita ki ce ta farka. Ba ita ta motsa shi ba, na'ura ce. Abin da ya nuna kawai, hanyar da ta taso daga kai zuwa hannu ba ta yanke ba."

"Na ji."

"Kin tabbata?"

"Na ce na ji, 'yar nan. Amma yatsanta ne."

"Yatsanta ne."

Likita ya yi ta rage ƙarfi yana ƙarawa har ya sami inda yake so, ya faɗi lamba, Mai Na'ura ta shigar. Ya ɗauko alƙalami mai shuɗiyar tawada ya ɗiga alama a inda yatsan ya amsa, ya auna gaba wajen goshi ya ɗiga wata.

"Mun ɗauke ta," in ji shi. "Yau za a fara, sauran ranakun wannan yarinyar za ta ci gaba da likitocinku na nan. Ko zai yi mata amfani, sai abin da muka gani. Mama, alamun nan kada a wanke su."

"To."

"Kada a sa mai a wurin."

"To."

"Kuma ba kitso."

"A wane gashin, likita?"

Ya yi dariya, Mai Na'ura ma ta rufe baki da bayan hannu. Ta gyara zobban zuwa alamar gaba, ta ɗaure su da wani hannun ƙarfe, ta ce yanzu bugun zai zo a jere kuma da ƙara, gara Mama ta jira a waje.

Gwaggo ta dubi 'yarta. Rabin kai kitso, rabi fata da ɗigon tawada biyu. Idon yana nan inda yake, bai neme ta ba. Ta so ta rufe mata kan, ta tuna ba dama, sai ta ninke ɗankwalin ta ajiye a ƙarshen gado wajen ƙafafu.

"In kun gama ku ɗaura mata kafin ku fito da ita baranda," in ji ta. "Akwai mutane."

"Zan ɗaura, Mama."

"Ta gefen hagu za ki ƙulle, ba ta baya ba."

Ta cikin gilashin ƙofa ta hango surukinta a tsaye, hannu a baya, kamar yaron da aka kora daga aji. Bai san komai ba tukuna. Na'urar ta fara bugawa a jere, da sauri, ta cika ɗan ɗakin. Gwaggo ta gyara mayafinta, ta tura ƙofar da kafaɗa, ta fita.